Taƙaitawa: ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali

Ga abin da na tattaro daga bayanan da jama'a suka yi kan wannan ciwo.

1. An yi ittifaƙi cewa wannan ciwo ba ragwanci ba ne. Alamominsa sun haɗa da munanan mafarkai, da saurin firgita, da dawowar abin a zuciya tamkar yanzu yake faruwa, da gudun duk abin da ke tuno shi. Idan suka wuce wata 1, a ga likitan ƙwaƙwalwa.

2. Kowa ya yi gargaɗi kan neman sauƙi a kayan maye.

3. An rabu kan ba da labarin abin da ya faru. Wasu sun ce amayar da shi yana rage nauyi, wasu kuma suka ce matsa wa mutum ya faɗa yana fama miki, kuma ni ma ina ganin a bar mutum ya zaɓi lokacinsa.