Idan layin tayil ya tsattsage

Masu sa tayil da muka zanta da su a Gombe sun haɗu a kan magana ɗaya: in an ɗora sabon tayil kan tsoho, tsagewar farin simintin da ke tsakani yawanci daga ƙarƙashin tayil take. Ka ƙwanƙwasa kowanne. Wanda ya yi ƙarar fanko bai kama ba, sai an ɗaga shi, an kankare santsin tsohon, an mayar da shi da gam ɗin tayil. Shafe a sama ɓarnar kuɗi ce, kuma na yarda da su.

In tayil na zaune daram, a ƙwaƙule tsohon simintin sosai, a share ƙura, a cike. Da hunturu a ɗan jiƙa layin, kada ya bushe da wuri. Gefen bango kuwa silikon, wato gam mai laushi kamar roba, ake sawa.