Manhajarmu tana sandarewa da asuba: in koma Linux ne, ko in sayi inji in ajiye a shago?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wa wasu dillalan tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas manhajar yanar gizo da PHP, wadda suke shigar da lissafin kwandunan da motoci suka sauke da kuma bashin da ke kan kowane mai saye. Na ɗora ta a kan saba (kwamfutar da ke riƙe manhaja a yanar gizo) ta haya mai Windows da RAM gigabait 2, na sa XAMPP (kunshin da ke tafiyar da PHP da rumbun bayanai) kamar yadda na saba a kwamfutata. Wata shida lafiya lau. Yanzu kuwa, daga sallar asuba zuwa ƙarfe tara, lokacin da motocin Kano da Jos ke sauke kaya, shafi ɗaya sai ya yi rabin minti bai buɗe ba. Yaran da ke shigar da lissafi ba su fi 30 ba. Jiya wani Alhaji ya ce min littafinsa bai taɓa cewa ya jira ba. Kamfanin da nake haya a wurinsu sun ce in ƙara kuɗi kawai. In koma Linux ne? Ko in shiga Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, in sayi inji in ajiye a shago in huta da biyan dala?

Na Yaba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka yi hijira, nemo abin da ke cizonka, don kada ka kwashe kuɗin cizon a cikin tabarma zuwa sabon ɗaki. Mutum 30 ba komai ba ne. Abin da ya canja cikin wata shida shi ne yawan bayanai. Ina kyautata zaton akwai teburi a rumbun bayananka da ba ka yi wa fihirisa (index, mai saurin nemo layi) ba, don haka duk sanda aka nemi bashin mutum ɗaya sai rumbun ya karanta kowane layi daga farko har ƙarshe. Da layi dubu ba za ka ji ba, da ya kai dubu ɗari biyu sai ya zauna maka. Kunna kundin da MariaDB, wato rumbun da ke cikin XAMPP, ke rubuta buƙatun da suka yi jinkiri, ka sa iyakarsa daƙiƙa ɗaya, ka bar shi har safiya. Wadda ta fi daɗewa ka sa mata EXPLAIN a gaba, zai nuna maka yadda rumbun ke neman amsarta. Sannan ka buɗe my.ini, fayil ɗin saitin rumbun: XAMPP na zuwa da innodb_buffer_pool_size, RAM ɗin da rumbun ke riƙe bayanai a ciki, a megabait 16 kacal, wato rumbun kullum yana komawa faifai.

Injiniya Agege: Gaskiyar Yayanmu ce, amma XAMPP ɗin ma dole ya tafi. Su kansu masu shi sun ce na gwaji ne, ba na ɗora aikin jama'a ba. Windows kuma shi kaɗai zai lashe kaso mai tsoka na gigabait biyun nan kafin manhajarka ta ɗanɗana. Ka sa Linux samfurin Ubuntu 24.04, da Nginx da PHP-FPM a madadin XAMPP, ka tabbata OPcache mai ƙara wa PHP sauri na kunne, a kan irin wannan injin za ka ga bambanci, kuma babu kuɗin lasisi. Sai dai ka auna pm.max_children, wato yawan ayyukan PHP da za su gudana lokaci guda, da RAM ɗinka, in ka cika shi injin zai shaƙe.

Maman Hanif: Batun ajiye inji a shago dai ka bar shi. Wa zai tashi janareto ƙarfe huɗu na dare? Ga zafi, ga ƙura, ga ruwan damina. Mun gwada a ofishinmu a Idi-Araba, faifan ya mutu ranar da ake biyan albashi, ba mu da kwafi.

Ɗan Obalende: Ni tambayata ita ce sabar tana ina? In Amurka take, kowace tafiya da dawowa ta kusan ninka ta Landan, wadda ke wajen milisakan 100 daga nan. Akwai cibiyoyin ajiye saba a nan Legas, irin su Rack Centre a Ikeja da Equinix (tsohon MDXi) a Lekki, kuma wasu masu haya a cikinsu na karɓar naira. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Abijan, kaiwa ga sabobin ƙasashen waje ya yi wuya.

Na Yaba: Nisan ba zai ba da daƙiƙa 30 ba, Malam. Kuma da nisa ne, da rana ma za ta yi nauyi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Yaya, ka ƙwaƙulo ta. Shafin farko yana tara bashin kowane mai saye ɗaya bayan ɗaya, ga shi babu fihirisa a kan lambar mai saye. Na sa fihirisar, na ɗaga megabait 16 ɗin zuwa 512. Yau da asuba shafin bai kai daƙiƙa biyu ba, Alhajin ma bai kira ni ba. Zan koma Ubuntu bayan sallah, in ciniki ya ɗan lafa. Injiniya, ban taɓa zama a baƙin allon Linux ba, za ka iya zama da ni ranar Lahadi?

Injiniya Agege: Ba damuwa, bayan la'asar. Ka fara sauke kwafin rumbun a kwamfutarka, ka gwada mayar da shi ka ga ya tashi. Ka zo min da albasa.