Ruwan farko ya yaudare mu bana, yaya abin yake a wajenku?

Mai Sungumi, Ɗambatta:
Assalamu alaikum jama'a. Daminar bana ta ɓata wa mutane rai a nan arewacin Kano. An yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya a ƙarshen Mayu, kowa ya saɓa sungumi, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke, kwana 18 ko ɗigo. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta cika wa mutane ido da tukunya da ƙasa, sannan ya watse. Geron jigawa ya murɗe ya zama kamar allura, ya ƙone. Wasu shukarsu ta uku ke nan, irin gida ya ƙare, sai na kasuwa mai tsada. Don Allah kowa ya faɗi yadda abin yake a yankinsa, me ya tsira, me ya mutu.

Malamin Gona, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Mu ma mun ɗanɗana, sai dai namu bai kai naku tsawo ba. Abin da ke cutar da mu shi ne muna ɗaukar ruwan farko a matsayin faɗuwar damina, alhali ba lallai ba ne. Ma'aunin da masana yanayi na yankin Sahel suka daɗe suna aiki da shi: a samu ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma cikin kwana 30 da ke biye kada a yi tsaikon da ya wuce kwana 7. Rabi na biyu ba wanda ya sani sai Allah, amma na farko kowa zai iya aunawa. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo. Da safe a tsoma rula. Santimita 2 shi ne milimita 20, wato lita 20 a kan kowace murabba'in mita ta gona. Bayan haka a tona ƙasa da hannu. In laima ba ta kai taƙi guda ba, ƙasan kuma busasshiya ce fayau, ruwan nan na tsirar da iri ne kawai, ba zai riƙe shi ba.

A kuma duba kwanan wata. A Zariya ruwan tsakiyar Mayu yakan zauna. A Ɗambatta da Kazaure da Daura, ruwan Mayu abin tsoro ne, damina ta fi zama a Yuni. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashenta tun farkon shekara, har da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da inda ake fargabar tsaiko, amma sau nawa yake isa kunnen mai hauya?

Ɗan Gobir, Maraɗi:
Malam ya yi gaskiya, amma mu nan jira ma asara ce. Daminarmu gajeruwa ce, wanda ya tsaya sai ya tabbata, hatsinsa ba ya nuna kafin ruwa su ɗauke a Satumba. Shi ya sa ake binne: a shibka hatsi cikin busasshiyar ƙasa a bar wa Allah. Hatsi ƙwayarsa ƙanana ce, tiya guda ta shibke fili mai yawa, in ya mutu ba a yi babbar hasara ba. Abin da ke kashe binne shi ne yayyafi. Ya jiƙa ƙwaya ta kumbura ta fasa, laima ta ƙare, shi ke nan. Gyaɗa kam kada wanda ya yi gangancin binne ta, mai gare ta, zafin ƙasa na lalata ta, ga tsadar iri.

Wani abu da na ga ba a ambata ba: bana ba ƙishirwa kaɗai ta kashe tsiro ba, rairayi ne. Iskar da ke gaban hadari tana kwasar yashi tana zane ganyen, ta kuma binne ramin. Gonakin da aka kwashe kara tas aka share su ƙal, su suka fi mutuwa. Inda aka bar kara a kwance, ko akwai gawo da sabara da kalgo da aka bari suka tashi, tsiro ya sha wuya amma yana nan. Wajen Tawa masu tassa ma sun tsira. Rami ne ake ginawa tun da rani, faɗi kamar santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 15, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki na dabba cikin hannu ɗaya ko biyu. Ruwa kaɗan ya taru a ciki. A ƙasa mai tauri yake aiki, a tsabar yashi ramin cikewa yake.

Uwar Gida Mai Masara, Funtuwa:
Ni takaicina taki ne. Mutane da yawa a nan sun ga masara ta yi mako biyu, ga hadari kullum, sai suka watsa yuriya a kan ƙasa suna cewa yau za a yi ruwa. Ba a yi ba. Yuriya in ta kwana a fili cikin zafi da 'yar raɓa, ƙarfinta tashi yake ya bi iska, wadda ta taɓa gindin shuka kuma ta ƙone shi. Kuɗin buhu ya tafi a banza. A jira sai ƙasa ta sha, a soka rami kamar tsawon ɗan yatsa daga gindin, a zuba, a rufe. Kuma a raba shi kashi biyu, kada a juye duka lokaci ɗaya. Sannan tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016, tsaikon ruwa ne lokacinta. Ruwa mai ƙarfi yana rage ta, in babu shi sai ta baje. A leƙa cikin kunnen masara da sassafe, in an ga kashinta kamar dusar katako, tana ciki. Feshi da yamma ko da asuba, a saita bakin famfo cikin zuciyar. Feshin tsakar rana ɓarnar magani ce.

Mai Sungumi, Ɗambatta:
Hajiya, haka aka yi a nan da takin kamfa. To wanda zai sake shuka yanzu fa, wane iri?

Malamin Gona, Zariya:
Mai saurin nuna. Gero irin SOSAT yana nuna cikin kamar wata uku, a Nijar akwai HKP. Gyaɗa akwai SAMNUT 24 ta cibiyar binciken noma ta Samaru. In Yuli ta yi nisa, a haƙura da dawa mai dogon zango a koma wake ko riɗi. Irin kasuwa kuma a gwada shi tukuna: ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa kwana 4 ko 5 ana yayyafa ruwa. In ƙasa da 16 suka tsiro, a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a canja iri.

Baba Mai Shanun Huɗa, Gumel:
'Ya'yana, ku kula da dabbobi. Harawa ta ƙare, ciyawar da ta fito da ruwan farko ta bushe, shanun huɗa sun rame daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfinsu. Sai mutum ya ga dawarsa ta lalace ya ce bari ya saki tumaki su ci. Kada a yi! Ƙaramar dawa da fari ya kama dafi gare ta. Dabba ta ci, kafin wani lokaci ta fara haki, ta yi rawar jiki, ta faɗi. An yi asarar tumaki haka a ƙauyukan nan cikin makon da ya wuce. In dole sai an ba su, a yanke ta a shanya ta bushe sarai tukuna. Shanun huɗa kuma a fita da su da asuba, a kwance su kafin hantsi ya yi zafi, a ba su dusa da ɗan kanwa.

Ɗan Fadama, Haɗeja:
Baba, mu tsoronmu biyu ne. Yanzu fari, gaba kuma marka. Shekarar da ruwa ya makara, wani lokaci Agusta sai ya zo a haɗe, kwana uku huɗu ba a ga rana ba, ƙasar da ta bushe ta yi tauri ba ta sha, sai ya kwanta. Mun ga ambaliya a nan a 2022. Shukar da aka sake a makare tana ƙarama ruwa zai same ta, masara kuwa kwana biyu uku a cikin ruwa ta yi rawaya. Masu gona a kwari su ɗaga kunya, su buɗe hanyar ruwa a ƙarshen gona tun yanzu da ƙasa take a bushe. Mu nan mun fara yashe lambatu jiya.