Shin rashin tattali ne ya hana matasanmu mallakar gida a Legas?

Dattijo, Zangon Agege: Assalamu alaikum. Maganar da na yi bayan sallar Juma'a ita zan maimaita a nan don kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Iyayenmu da suka zo Ikko da fataucin goro da shanu ba su da albashi, ba su san ƙofar banki ba, amma sun bar gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende. Fuloti suke saya, su yi ɗaki biyu su shiga, bayan shekara uku su ƙara biyu. Yaran yanzu suna samun kuɗin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba, amma suna ƙarewa a haya. Ni a ganina matsalar rashin haƙuri ce da rashin tattali, ba tsadar gida ba.

Akanta, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Baba. Da girmamawa, lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Yawan takardun kuɗi daban, abin da suke saya daban. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kuma a lokacin naira ta fi dala daraja, don haka kuɗin ya haura dala 200. A 2024 gwamnatin tarayya ta kai shi naira 70,000, Legas ta ce za ta biya 85,000. Da canjin naira 1,500 a dala ɗaya, na Legas ɗin bai kai dala 60 ba. Kayan wuta, kayan famfo, tayil, gilashi, makullai, yawancinsu da dala ake shigo da su ko ake sayen kayan haɗa su.

Ko a bar 1981, a ɗauki kwanan nan. A 2019 mafi ƙarancin albashi na tarayya 30,000 ne, buhun siminti yana wajen 2,600, wato buhu 11 a wata. A 2024 buhu ya taɓa 10,000 a wasu wurare, 85,000 ba ta wuce buhu 8 da rabi. An ninka albashi kusan sau uku amma simintin da yake saya ya ragu. Wannan ba rashin tattali ba ne.

Safiyo, Ikorodu: Ina ƙara wa Akanta da batun ƙasa, don a nan ne babban bambancin yake. Ƙidayar 1963 ta nuna mutanen birnin Legas ba su kai 700,000 ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar sama da miliyan 9, gwamnatin jihar ma ta ce adadin ya fi haka nesa. Ga shi Legas ce jiha mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa a Najeriya, kuma wani babban yanki nata ruwa ne da fadama. Lokacin da magabata suka sayi fili a Agege, bakin gari ne, gonaki ne a kewaye. Yau Agege tsakiyar gari ce, ga tashar jirgin ƙasa ta layin Agbado zuwa Oyingbo da ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Wanda ke son irin sauƙin da suka samu sai ya nemi bakin garin yau: can cikin Ikorodu, Epe, Badagry, ko ya tsallaka jihar Ogun zuwa Ifo, Sango Ota, Mowe da Ibafo. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da mutum ya rage a kuɗin fili yana biyansa kullum a kuɗin mota idan sana'arsa tana Idumota ko Apapa.

Dattijo, Zangon Agege: To ai ka faɗi maganata da bakinka, Safiyo. Su ma nesa suka je. Me ya hana yaro ya je Ifo ya fara da ɗaki ɗaya?

Magini, Mile 12: Baba yana da gaskiya a rabin maganar, kuma ya kamata a ba shi. Gini kaɗan-kaɗan har gobe yana yiwuwa, amma sai an san tsarinsa, don yawancin masu farawa a wurin tsarin suke asara.

Ɗaki ƙafa 12 da 12, tsayin bango mita 3, yana cin bulo kusan 400 bayan an cire ƙofa da taga, don kowace murabba'in mita tana ɗaukar bulo 10. Bulo mai inci 9 na kirki, buhu ɗaya bai kamata ya fitar da fiye da 30 ba. Masu bugawa don kasuwa suna kai shi 50 ko fiye, shi ya sa za ka ga an sauke bulo daga mota kusurwarsa tana marmashewa a hannu. In za ka saya, ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri. In ya tarwatse, kada ka karɓa. In kai za ka buga, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na kwana 7 kafin a ɗora.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen siminti a tara. Siminti ba ya jira, musamman a damshin Legas. Bayan wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa, in ya sha iska ya dunƙule, shi ke nan. Abin da ake tarawa bulo ne da tsakuwa, rodi kuma a ɗora shi kan katako a rufe kada ya yi tsatsa. Na biyu, kada a tsayar da aiki a inda ruwa zai ci shi. Matakan tsayawa uku ne: bayan an zuba kankaren daɓe a kan harsashi, bayan an ɗaure linta, sai bayan rufi. Bangon da aka bari tsaye ba linta, damina biyu ta ishe shi ya tsage ko ya karkace.

Inda zan saɓa wa Baba shi ne ƙasar kanta. Agege tudu ce, jar ƙasa mai ƙarfi, harsashi na yau da kullum ya isa. Filayen da ake tallatawa da araha yanzu a gefen Ajah, Ibeju da wasu sassan Badagry fadama ce. Sai an yi gwajin ƙasa, a cike da yashi tifa bayan tifa, sannan a yi harsashin shimfiɗa, wato kankare da rodi a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kuɗin da zai kai mai gini a tudu har linta, a fadama yana iya ƙarewa bango bai fito daga ƙasa ba. Saboda haka a je duba fili a watan Yuni ko Yuli lokacin da ruwa ya yi ƙarfi, ba a watan Janairu ba.

Hajiya mai gidajen haya, Agege: Ni ma bari in sa baki, don ana yawan ɗora wa masu gida laifi. Gidan da aka gina shekara 40 da suka wuce yana buƙatar sabon kwano, sabuwar masai, sabon wayarin, duk da farashin yau. Ga harajin ƙasa da ake biyan jiha duk shekara. Amma ƙanena Akanta ya faɗi gaskiya cewa ba rashin tattali ba ne, hayar kanta ce ke cinye abin da yaro zai tara. A ɗauki misali ɗaki ciki da falo a miliyan 1 a shekara. Ejan zai karɓi kashi 10, kuɗin yarjejeniya kashi 10, ga kuɗin ajiya na ɓarna. Kafin ya karɓi makulli ya fitar da wajen miliyan 1 da dubu 300. In bayan shekara biyu aka tashe shi, ya sake biyan waɗannan daga farko. Mai albashin 85,000 duk abin da yake samu a shekara miliyan 1 da dubu 20 ne. Daga ina zai tara na fili?

Lauya, Obalende: Hajiya, a kan haya akwai dokar jihar Legas ta 2011 da yawancin mutanenmu ba su san da ita ba. Ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata yana da wata 1, bayan nan kuma sai an ba shi takardar kwana 7 kafin a tafi kotu. Dokar ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba. Amfani da ita yana buƙatar rasit, don haka kada a biya haya hannu da hannu ba takarda.

Sai dai abin da na fi so in ja hankalin Baba a kai shi ne, sauƙin da aka samu a da yana da farashin da 'ya'ya ke biya yanzu. Da yawa daga gidajen nan an saye su ne da rasit ɗin iyalan masu ƙasa kawai, ba taswirar safiyo, ba rajista. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasar jiha hannun gwamna, kuma duk cinikin fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna yake cika. Gidan da ba shi da waɗannan takardu, banki ba ya karɓarsa jingina, mai saye kuma zai karya farashinsa. Mu tuna unguwar Maroko a nan Legas, inda gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar gaba ɗaya a Yulin 1990. Mutane sun yi shekaru suna tara bulo a can, ba abin da ya kai ga 'ya'yansu.

Ga kuma gado. Gida mai ɗaki 10, magada 14, mata biyu. In an raba bisa shari'a wani ko ɗaki guda ba zai samu ba, sai a sayar wa mai gina benaye a raba kuɗi, kuma kason kowa ba ya sayen fuloti a unguwar da aka haife shi. Ta haka gidajen Hausawa da dama ke fita daga hannunmu.

Malamar makaranta, Okokomaiko: Akwai abin da ba a ambata ba. Wancan zamanin gwamnati ta gina wa talaka. Gwamna Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin, Abesan, Iponri, Isolo da sauransu, ga gidajen Festac da gwamnatin tarayya ta raba ta hanyar ƙuri'a bayan bikin al'adun baƙar fata na 1977. Ko wanda bai samu ba ya amfana, don yawan gidaje yana sauke haya. Yanzu me ake da shi da ya kai wannan?

Akanta, Idi-Araba: Akwai hanyoyi, Malama, amma ƙofarsu ƙunci gare ta. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 na albashi, ya ba da bashi ta FMBN, bankin bashin gidaje na gwamnatin tarayya, a kan ruwa kashi 6, har zuwa shekara 30 gwargwadon abin da ya rage maka kafin ritaya. A wannan tsari kowace miliyan 1 tana cin kusan naira 6,000 a wata. Ƙa'ida ita ce biyan kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Mai 85,000 zai iya biyan 28,000, wato bashin da bai kai miliyan 5 ba. Mai son miliyan 15 sai yana samun 270,000 a wata. Jihar Legas ta fito da tsarin haya har ka mallaka a 2016, ka ajiye kashi 5, ka biya sauran cikin shekara 10, amma gidajen ba su kai yawan masu nema ba. Tun 2022 kuma mai asusun fansho zai iya cire kashi 25 na kuɗin da ke ciki ya yi kafin alƙalamin bashin gida da shi. Bankin kasuwa kuwa a manta da shi: Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bashin miliyan 10 a kan kashi 28 ruwansa kaɗai ya haura 230,000 a wata.

Duk waɗannan suna neman takardar albashi ko bayanan asusun banki. Mai sayar da tumatir a Mile 12 ko ɗan canji da ke juya kuɗi a hannu ba shi da su, sai in ya fara shigar da cinikinsa ta asusu tun yanzu.

Dattijo, Zangon Agege: Kuma duk da ruwa a ciki. Mutanenmu da yawa ba za su taɓa shi ba ko kashi 1 ne.

Lauya, Obalende: Haka ne Baba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz, TAJ da Lotus suna yi ta hanyar murabaha (su saya su sayar maka da riba) ko ijara (su saya su ba ka haya), amma su ma ba sa sayen gidan da takardunsa ba su cika ba, kuma ribarsu tana bin yanayin kasuwa. Wanda zai bi hanyar adashi da fili, ga abin da zai kiyaye. A cinikin filin iyali dole shugaban iyalin ya sa hannu tare da manyan 'yan gidan. In babu hannun shugaban, cinikin bai ƙullu ba, komai yawan shaidu. A rubuta takardar mika mallaka, a biya ta banki. Masu zuwa wurin gini neman kuɗi, kamar na rufi, dokar kare kadarori ta jihar Legas ta 2016 ta haramta wannan, ban da kuɗin harsashi na al'ada da ta bar wa iyalan masu ƙasa, amma a aikace sai an sa a rubuce tun ranar ciniki cewa farashin ya haɗa da komai.

Safiyo, Ikorodu: Kafin duk wannan, kada a ba da ko sisi sai safiyo mai rajista ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin an kai ofishin Babban Safiyo a Alausa an duba. Amsa uku ce: fili ba shi da matsala, ko yana cikin wanda gwamnati ta karɓe amma ana iya daidaitawa, ko an ware shi don hanya, magudana ko layin wuta, wanda ba gyara. In masu sayarwa suka ce maka gwamnati ta yanke wa ƙauyensu kaso daga filin da ta karɓe, nemi lambar gazet ɗin, wato jaridar gwamnati da aka buga hakan a ciki, a tabbatar filinka yana cikin iyakar da aka yanke, ba a gefenta ba. A kuma auna, don fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, ana yawan sayar wa baƙo 50 da 100 da sunan cikakke.

Dattijo, Zangon Agege: Na ji lissafinku, na yarda ƙasa ta yi tsada kuma kuɗi ya lalace. Amma ban janye batun tattali ba. Mutum huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi fuloti ɗaya, kowa ya yi ciki da falo. Barista, yaya ake rubuta irin wannan don kada 'ya'yansu su yi rigima?

Lauya, Obalende: Sunayen duka huɗun su shiga takardar mika mallaka da taswirar, a bayyana kason kowa. Sannan a yi wata yarjejeniya daban da za ta nuna ɓangaren kowa a zanen ginin, wanda zai biya kuɗin rijiya, masai da katanga, da sharaɗin cewa mai son sayar da kasonsa sai ya fara tallata wa sauran ukun. A nemi izinin gini ɗaya na filin gaba ɗaya kafin a haƙa harsashi, don hukumar kula da gine-gine ta jiha tana rufe ginin da ba shi da izini ko da bene ɗaya babu.