Ƙanena ɗan SS2 yana gyangyaɗi a aji, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum jama'a. Ina sana'ar tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko ƙanena daga gida na sa shi makarantar gwamnati a wajen Ketu, yanzu yana SS2 ajin kimiyya. Sakamakon zangon farko ya fito, ya faɗi Lissafi da Kemistiri. Da na je makarantar malaminsu ya ce yaron yana da ƙwaƙwalwa, amma kullum a makare yake zuwa, ba ya kawo aikin gida, hantsi na yi kuma sai gyangyaɗi. Wanda ya san Mile 12 ya san motocin Arewa cikin dare suke isowa, kafin asuba an fara sauke kwanduna. Shi ke riƙe min littafi, yana rubuta abin da ya fita da abin da aka ɗauka bashi. Da yamma kuma ga Islamiyya. Yanzu ya ce a mayar da shi ajin adabi, Hajiyarmu kuwa ta ce in maido shi gida ya ƙarasa a can. Ni burina ya zama injiniya. Yaya kuka gani?

Malama daga Agege: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da zumuncin da ka yi. Ɗan'uwa, SS2 ita ce ƙashin bayan sakandare. Da yawa daga abin da WAEC ke tambaya a SS2 ake koyar da shi, domin SS3 gajera ce, kafin ka farga watan Mayu ya zo ana zaune a ɗakin jarabawa. Jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a wajen ɗan kimiyya, kiredit kuwa daga A1 zuwa C6 ne. D7 da E8 sunan ci kawai suke da shi. Mai neman injiniya dole ya haɗa da Fizis da Kemistiri, kuma su zai sake rubutawa a JAMB. Ga gwajin ɗakin kimiyya: yaron da bai taɓa tsayawa da kansa yana ɗiga asid ɗigo-ɗigo har ruwan ya sauya launi ba, ranar jarabawa hannunsa rawa zai yi. Sannan makarantu na tura wa WAEC makin gwaje-gwajen cikin aji tun daga SS1, to aikin gidan da ba ya kawowa yana nan a rubuce. Sauya makaranta a tsakiya ma yakan jawo rikici kan waɗannan makin, don haka a ba Hajiya haƙuri.

Baban Sadik, Alaba Rago: Alhaji, ka yi min afuwa, zan faɗi gaskiya. Taura biyu ba ta taunuwa. Yaron da ya tashi ƙarfe uku yana ƙirga kwando, ya kutsa cunkoson titin Ikorodu, da wane ido zai kalli allo? Ɗauki yaron shago ka biya shi. Kuɗin bai kai na sake jarabawa ba.

Maman Ilham, Idi-Araba: Baban Sadik, kar a ɗora wa yayansa komai. 'Ya'yanmu nawa ke taya sana'a kuma suna cin jarabawa? Ɗan SS2 ba jariri ba ne. Shi ya kamata ya kwafi darasin da ya wuce shi a wajen abokai, ya bi malami ofis ya ce ban gane ba. Ka duba wayarsa tukuna. Nawa ɗan haka ya yi ta barci a aji, ashe kallon ƙwallo yake har sha biyun dare cikin bargo. Na fara karɓe wayar bayan isha, aka samu lafiya. A bar masa kasuwa ranar Asabar, kar a raba shi da sana'a gaba ɗaya.

Ɗalibi a LASU (Jami'ar Jihar Legas): Yaya, wata tambaya: injiniyan nan burinka ne ko nasa? Idan gudun wahala ya sa yake son ajin adabi, ka faɗa masa can ma akwai littattafan da sai ya karanta su kaf, kuma Lissafi ba ya barin kowa. Amma tunda shi ke riƙe maka littafin bashi, me ya hana a duba ajin kasuwanci? Idan za a sauya, yanzu ne, kafin a yi masa rajistar WAEC. Ka tabbata yana da NIN, kuma sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na makaranta, don ba a rajistar JAMB sai da ita. A kwamfuta ake rubuta ta, maki 400 ne, darussa huɗu, sai ya saba da linzami tun yanzu. Kar kuma ya raina darasin Yarbanci, dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantun Legas.

Malam daga Obalende: Islamiyya dai kar a taɓa ta. A yi magana da malaminsu ya mayar da shi ajin Asabar da Lahadi har ya gama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daga Litinin ɗan maƙwabcin rumfata zai riƙe littafin, wayar kuma zan duba ta yau. Batun aji zan zaunar da shi bayan magariba in ji ta bakinsa. Malama, idan ya zaɓi kasuwancin, wa zan fara gani, malamin ajinsu ko shugaban makaranta?