Ƙanena ya kafe sai kiɗan jaz, akwai abinci a ciki kuwa?

Mai_Yadi_Agege:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanena da nake riƙo ya gama sakandare bana, nace ya zo shago mu kama, shi kuma ya kafe wai sai kiɗa, kuma ba ma irin na su Kannywood ba, wai jaz irin na Amurka, bes zai kaɗa, wannan ƙatuwar mai tsirkiya huɗu da ake tsayar da ita a ƙasa ta kusa fin mutum tsayi. Yanzu haka da wata tsohuwar jitar bes ta lantarki da ya sayo a kasuwar Alaba yake hana mu barci, dum dum dum, ni wlh ban ji waƙar a ciki ba. Sana'a ce da zata riƙe gida ko shiririta? Hajiya na Kano bata sani ba tukun.

Ɗan_Obalende:
Alhaji wannan dum dum ɗin da kake rainawa shi ke ɗauke da kowa fa, mai bes da mai ganga su ke riƙe taken, in suka kauce mai ƙaho ma ya ɓata. Sai dai ba shi ake wa tafi ba. Ka duba Ron Carter na Amurka, haihuwar 1937, ya kaɗa wa shahararren mai ƙahon jaz Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, masu kundin bajinta na duniya na Guinness suka ba shi kambun wanda yafi kowane mai bes na jaz shiga faifai, sama da 2,200, amma duk da haka wajen shekara 20 yayi yana koyarwa a City College ta New York, daga baya kuma makarantar kiɗa ta Juilliard. To in irin wannan bai raina aji ba ina ga yaronmu na Agege. In da gaske yake ya je ya koyi karanta nota, wato rubutun kiɗa, akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Onikan, akwai ta Peter King da aka kafa tun 1982, tana wajen Badagry. Mai kaɗawa da kunne kawai nan zai tsaya.

Maman_Biyu:
Ni dai yaya abinda ba wanda ya faɗa, a Legas ina aikin yake? Coci da kulob. Yaran Yarbawa da Inyamurai a coci suke koyo tun suna ƙanana, can kuma ake biyansu duk Lahadi. Namu fa? Sai na dare cikin mashaya kenan. Ka yi tunani kafin Hajiya taji a bakin wani.

Malamin_Jita:
Maganar Maman Biyu gsky ce, ni da nake cikin harkar na sani, wannan ƙofar ta coci a rufe take gare mu kuma ita tafi kawo kuɗi a kai a kai. Abinda ke ciyar dani koyarwa ce, makarantar kuɗi da safe, yamma in bi gidaje a Ikoyi da Lekki ina shirya yara jarabawar kiɗa ta Ingila da ake kira ABRSM, wasan jaz kam sai jefi-jefi a irin su Freedom Park, kuma ba wani abin kirki ake samu ba, akwai wani otal da muka kwana muna kaɗawa har yau cikon kuɗinmu na wajensu. Sannan ya manta da ƙatuwar nan tukun, wane kwandastan danfo zai yarda ka shigo da ita? Ta lantarkin ta ishe shi, ya haɗa da fiyano don iyaye shi suka fi nema wa 'ya'yansu. Made Kuti jikan Fela ma ai bes ya riƙa kaɗawa a ƙungiyar babansa Femi, amma sai da ya je Landan yayi karatun abin.

Mai_Yadi_Agege:
Nagode. Asabar zan kai shi Onikan da kaina muji kuɗin, amma da sharaɗin safiya tana shago. Malamin Jita dan Allah duba inbox. Hajiya kuma zan ce mata malanta yake koyo, ai ban yi ƙarya ba ko?