Bot ɗina na RSS yana zuba rubutu a cakuɗe a Mastodon, ya zan yi?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan blog a WordPress da nake rubutu kan noma da farashin hatsi, toh watan jiya na haɗa shi da Mastodon ɗina (dandalin sada zumunta irin na Twitter) ta RSS, wato jerin sababbin rubutun blog da bot (manhaja mai aiki da kanta) ke karantawa ya tura, sbd na gaji da kwafa da hannu kullum, yanzu da na wallafa abu sai ya tafi da kansa. Tafiya kam yana yi, amma wlh in ka ga yadda yake fitowa sai kunya ta kama ka. Kanun da farkon rubutun da link duk a jone babu ko wurin numfashi, kuma sai ya yanke a tsakiyar kalma. Jiya na sa 'Yan kasuwa sun ƙara kuɗin masara, abin da ya fito shi ne &#8216;Yan kasuwa sun Æ™ara kuÉ—in masara. Har wani ya tambaye ni wai wane yare ne wannan. Na gwada sa taurari irin na WhatsApp ko kanun zai yi kauri, taurarin suka fito tsirara abinsu. Abokina da ke Friendica (wani dandalin da ke hulɗa da Mastodon) ya turo min hoton nasa komai tsaf, kanu da kauri ga hoto, shin tattarawa zan yi in koma can ne ko akwai gyara?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka tashi tukuna, abin duk mai gyaruwa ne, sai dai ciwon ba ɗaya ba ne.

Wancan &#8216; ɗin WordPress ne ke mai da alamar da ke gaban 'yan zuwa lambar HTML, burauza ta san yadda za ta karanta ta amma bot ɗinka ɗauka kawai yake ya liƙa. In da Python aka rubuta shi ka ratsa kanun ta html.unescape kafin ya tura. Shi kuma Æ™ da É— ai ƙ da ɗ ɗinka ne, an rubuta su da tsarin adana haruffa na UTF-8 wani wuri a hanya ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu ne shi ya sa kake ganin alama biyu a madadin ɗaya. Ka tilasta masa UTF-8 wurin karanta feed ɗin, wato RSS ɗin.

Batun taurari ka haƙura, Mastodon na asali ba ya bari ka yi kauri ko karkace a naka rubutun. Daga siga ta 4.2 da ta fito a 2023 yana nuna wanda ya zo daga wasu sabobi kamar Friendica ko Akkoma, amma kai da ke ciki rubutu zalla ne, abin da kake da shi kawai layi da tazara. Ni ga yadda na tsara nawa: kanu shi kaɗai a layin farko, in bar layi ɗaya fanko, jimla ɗaya ko biyu na taƙaitawa, wani fankon, sai link a ƙasa. Haruffa 500 gare ka a yawancin sabobi, link kuma komai tsawonsa 23 ake ƙirga shi, don haka babu amfanin gajarta shi da bit.ly, ɓoye wa mutane inda za su kawai kake yi. Taƙaitawar kuma ka rubuta ta da kanka a akwatin excerpt na WordPress, kar ka bar bot ya yanko farkon rubutu, mu da muke fara komai da sallama da gabatarwa haruffan za su ƙare ba a kai ga masarar ba.

Ummu_Ilham:
Ni ba injiniya ba ce, mai karatu ce kawai, amma Abu Hafsat dan Allah kar wani ya ba ka shawarar waɗannan haruffan ado masu kauri da ake kwafowa daga wasu shafuka. Ƙanina ba ya gani, da TalkBack, manhajar da ke karanta allo da murya, yake amfani da waya, in ya zo kansu ko dai ta tsallake ko ta riƙa kiran sunan kowane harafi ɗaya bayan ɗaya kamar ana karanta lissafi. Kuma ma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu, sai ka ga kalma duk ta yi kauri harafi ɗaya ya rame a tsakiya. Hashtag ma ka sa su can ƙarshe, biyu sun isa, ka fara kowace kalma da babban baƙi kamar #FarashinHatsi, in ka sa hoto ka rubuta bayaninsa. Sannan abin da ya fi sa ni daina bin bot shi ne ya yi shiru kwana uku sai da asuba ya juye min abu goma sha biyar a jere.

Ɗan_Damagaram:
Ni Friendica nake tun tuni kuma gaskiya wurin RSS ta fi, kana sa adireshin feed ɗin kamar kana bin mutum, kana iya sa ya riƙa fita da sunanka, ga BBCode na ƙawata rubutu ga tsawo yadda kake so. Amma ɗan'uwa hoton da abokinka ya turo maka a nasa allon ne, ka ce ya nuna maka yadda 'yan Mastodon ke ganinsa. In ka cike akwatin take Friendica kan tura shi a matsayin maƙala, Mastodon kuma sai ya nuna taken da link kawai, jikin rubutun sai an danna an fita. Na yi wata biyu ina ƙawata rubutu ashe yawancin masu bina kanu kawai suke gani. Yanzu ina da wani ƙaramin account a Mastodon da ba na komai da shi sai leƙa kaina.

Injiniya_Sani:
Haka ne Ɗan Damagaram. Na manta ma, Malam ka kunna alamar cewa account ɗin bot ne a saitin furofayil. Kuma in ka liƙa hoto katin link ɗin nan mai hoto da kanu ba zai fito ba, ɗaya za ka zaɓa.

Abu_Hafsat:
Allah ya saka da alheri, Injiniya na yi unescape da UTF-8 ɗin, ƙ da ɗ sun dawo hayyacinsu, na raba layukan kuma har ya yi kyau a ƙaramar wayata. Hajiya na cire haruffan adon da na riga na fara sawa jiya da daddare, a ba ƙaninki haƙuri, na kuma sa tazarar awa biyu tsakanin kowane rubutu. Saura abu ɗaya, na cire hoton don katin ya fito, ya fito kuwa amma hoton da yake ɗaukowa tambarin blog ɗin ne ba buhun masarar ba, a ina ake canza wannan?